Tawadar Allah: Wacce Ce Lafiyayya, Wacce Ce Abar Sa Ido?



Da wuya a sami wani a cikinmu da ba shi da tawadar Allah a jikinsa, kuma galibinta ba ta cutarwa. Sai dai akwai wadda siffarta ta saɓa, har takan yi kama da sankarar fata da ake kira melanoma.

A shekarar 1985 likitocin Jami'ar New York suka tsara alamomi huɗu na tantance ta: ɓari ɗaya bai dace da ɗayan ba, gefenta ba sumul ba, launinta ya gauraya, faɗinta ya haura milimita 6. A 2004 aka ƙara ta biyar, wato sauyawar girma ko kama.

Idan likita ya yi shakka, yakan yanko ta a duba ƙwayoyinta da madubin likita. An saba kasa ta gida uku: mai sauƙi, matsakaiciya, da mai tsanani. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da su biyu, ƙaramin mataki da babba. Mai tsanani akan cire ta duka, har da ɗan naman kewayenta.

Mu baƙar fata, melanoma ta fi kama mu a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Irinta ce ta yi ajalin mawaƙi Bob Marley a 1981, daga yatsan ƙafa ta faro. Saboda haka baƙin tabon da ke girma ko zubar da jini, kada mu kai wa wanzami ya tsaga. Asibiti za mu nufa da wuri.