Adireshin da Ya Riga Saiti Zuwa: Gano Lambar MAC a Katin da Ba a Kunna ba

 

Tambayar da zan ɗauka yau gajera ce, amma tana cinye wa ma'aikata lokaci mai yawa. An kawo sabuwar uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, tana da ƙofofin waya huɗu a bayanta. An saita ɗaya, uku suna nan ba a taɓa su ba. Sai mai kula da layin sadarwa ya ce: "Ba ni lambar MAC ta ƙofa ta biyu in ware mata adireshin IP." Ma'aikaci ya buga umarnin da ya saba, ƙofar ba ta fito ba. Ina lambar take?

Amsar da nake so ku riƙe ita ce: lambar tana nan tun ranar da katin sadarwar da ke ɗauke da ƙofar ya bar masana'anta. Shirun da umarni ya yi ba ya nufin babu ita.

Mu koma asali. A shekarar 1973 ne Robert Metcalfe da David Boggs suka ƙirƙiro fasahar Ethernet a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka. A 1980 kamfanonin DEC da Intel da Xerox suka fitar da ƙa'idarta ta bai ɗaya, inda kowane kati ke da adireshi mai bit 48. Ana rubuta shi da alamomi 12, bibbiyu-bibbiyu, gida shida. A tsarin da aka fi sani, gida uku na farko ƙungiyar IEEE ce ke ba kamfanin da ya ƙera katin, shi kuma ya raba sauran ukun ga kayansa, adireshi 16,777,216 a kowane kaso. Shi ya sa gogaggen ma'aikaci da ya ga 08:00:20 zai ce na kamfanin Sun ne, in ya ga 00:50:56 ya ce kwamfutar kwaikwayo ce ta VMware. Bambancin MAC da IP kamar na lambar inji ne da lambar mota: ta farko a jikin ƙarfe aka buga ta, ta biyu kuwa sai an je rajista.

To me ya sa ba a ganinta daga waje? Wasu sukan ce a tambayi wata kwamfutar da ke kan layi ɗaya. Hanyar da kwamfutoci ke bi su san lambar juna ita ce ARP, wadda David Plummer ya rubuta a 1982. Aikinta shi ne ta yi shela: wa ke da IP kaza? Mai shi ya amsa da lambarsa ta MAC. Katin da ba shi da IP ba a kira sunansa ba, don haka ba zai amsa ba. Haka na'urar rarraba layi, wato siwici, ba ta sanin lambar kati sai ya aiko da saƙo ta karanta adireshin mai aikowa. Katin da ya yi gum babu abin da za ta rubuta a kansa. Saboda haka dole a shiga cikin injin a tambaye shi da kansa.

A tsarin Linux, tarkon farko tsohon umarnin ifconfig ne. Idan aka buga shi shi kaɗai, katunan da aka kunna kawai yake nunawa. Sai an ce ifconfig -a sannan zai fito da na kwance. Wanda ya gaje shi, ip link show, ba ya ɓoye kowa: za ka ga katin an rubuta masa DOWN, a ƙarƙashinsa kuma ga lambar bayan kalmar link/ether. Wanda yake rubuta manhajar da za ta tattara lambobin inji da yawa gara ya karanta fayil ɗin /sys/class/net/eth1/address kai tsaye, domin lambar ce kaɗai a cikinsa. Ku kuma lura cewa tun 2013, da fitowar systemd ta 197, sunaye irin su eth1 sun fara komawa eno2 ko enp3s0, sunayen da ke bin gurbin da katin yake a jikin allo.

A nan nake so mu ɗan dakata, domin a nan ƙwararru ma ke yin tuntuɓe. Lambar da ip link ke nunawa ita ce wadda katin yake amfani da ita a yanzu, kuma ana iya sauya ta. Idan aka ɗaure kati biyu suka zama layi ɗaya don gudun yankewa, a yawancin tsare-tsare na biyun yakan ari lambar na farkon. Mai gaggawa sai ya kwafi lamba ɗaya sau biyu. Umarnin ethtool -P eth1 shi ke fito da ta asali, haka kuma fayil ɗin /proc/net/bonding/bond0 yana jera ta kowane kati. Kuma don kada a haɗa lambar wannan ƙofa da wayar waccan, ethtool -p yana sa fitilar ƙofar ta riƙa ƙiftawa, wanda ke tsaye bayan injin ya gan ta da idonsa.

Idan katin bai fito ba sam, to matsalar ta sauka ƙasa. A buga lspci. In ya ga katin amma ip link bai gani ba, manhajar da ke tuƙa katin ce ba a loda ba, kuma dmesg zai faɗi dalili. In lspci ma bai gani ba, a duba ko an kashe shi a BIOS, ko bai zauna daidai a gurbinsa ba.

Sauran tsare-tsare kowanne da halinsa. A Solaris na da, kati ba ya bayyana sai an buga ifconfig -a plumb, kuma mai cikakken iko ne kaɗai ake nuna wa lambar. Injinan Sun masu SPARC suna da wani hali na daban: muddin saitin local-mac-address? yana kan false, duk ƙofofin injin lamba ɗaya suke ɗauka, ta injin kansa. A Solaris 11 dladm show-phys -m ya wadatar. A Windows kuwa akwai getmac /v da Get-NetAdapter.

Saura injin da ba a ɗora masa komai ba. Nan ma akwai hanya. Manyan injina suna da ƙaramar kwamfutar kulawa da ke aiki ko da injin a kashe yake, muddin akwai wuta: iDRAC a na Dell, iLO a na HP, kuma sukan jera lambobin katunan. Shafin BIOS ma yakan nuna su, sau da yawa kuma akwai takarda liƙe a jikin katin ko injin. Ko kuma a sa shi ya nemi tashi ta layi, abin da ake kira PXE. A lokacin katin zai yi magana da kansa yana neman IP, lambarsa ta faɗa cikin rajistar DHCP, mai raba adireshin IP, da ta siwici.

'Yan'uwa, na tsawaita kan wannan ne domin ina son mu fita daga haddar umarni mu koma fahimta. Wanda ya san cewa akwai ƙarfe, a kansa akwai manhajar tuƙi, a kanta akwai lambar MAC, sannan IP a can sama, zai san matakin da zai tambaya ko da an kawo masa tsarin da bai taɓa gani ba. Kuma ina roƙon kowane shugaban sashe ya mai da shi doka: ranar da aka buɗe kwalin inji, a rubuta lambar asali ta kowace ƙofa tare da gurbin siwicin da aka soka ta. Aikin ɗan lokaci ne, amma shi zai hana a taso ma'aikaci da tsakar dare ya je ɗakin injina neman abin da ya kamata a ce yana cikin littafi.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani.