Sauya Fitilun Cikin Silin Zuwa LED: Lissafin Da 'Yan Kwangila Ke Gudu

Fitilar da ake huda silin a cusa ta ciki, fuskarta kaɗai ke leƙowa ƙasa, ta zama ruwan dare a gidaje da otal-otal da bankuna da manyan kantuna tun da aikin POP ya karɓu a biranen Arewa. Gine-gine da dama da aka kammala kafin LED ya yi araha har yanzu suna ɗauke da kwan halojin mai wat 50, ko kwan enaji, a waɗannan ramuka. Injiniyoyi ba sa buƙatar a maimaita musu tarihi: shuɗin LED ɗin da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samar, wanda ya jawo musu kyautar Nobel a 2014, shi ya buɗe hanyar farin hasken da ake amfani da shi yau. Tarayyar Turai kuwa ta hana sayar da yawancin kwan halojin tun 2018. Maganar ko a sauya ta riga ta wuce. Abin da ya rage shi ne yadda ake sauyawar, kuma a nan ake tafka ɓarna.

A fara da lissafi, domin shi ake yawan tsallakewa. A ɗauki kanti mai fitila 40 a silin, kowacce halojin mai wat 50. Jimillarsu wat 2,000 ke nan. Idan suna ci awa 12 a rana, sun sha yunit 24. Kwan LED mai wat 6 yana ba da haske kusan daidai da na halojin ɗin, don haka guda 40 ɗin wat 240 kawai za su ja, abin da bai kai yunit 3 ba a rana. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga masu Band A zuwa naira 225, daga baya aka ɗan sassauta. Ko da an yi lissafin a kan naira 200, bambancin ya haura naira 120,000 a wata. Wanda ke kan janareta kuma asararsa ta fi haka.

Wannan rabin lissafin ne. Kusan duk wutar da halojin ya sha zafi take komawa, kuma wat 2,000 na zafi ya kai kimanin kashi uku cikin huɗu na abin da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya ke iya kwashewa. Wani ɓangaren zafin yana hayewa cikin rufi, sauran yana sauka a kan mutane da kaya. Mai kanti yana biyan kuɗin haifar da zafin, sannan ya sake biyan kuɗin fitar da shi. Mai shakka ya tsaya ƙarƙashin irin wannan fitila a watan Afrilu a Kano, ya ɗaga kai ya ga da'irar da ta yi launin ƙasa a jikin farin POP kewaye da bakin kwan. Abin takaici, wanda ke lissafin nauyin sanyaya gini da wanda ke zaɓen fitilu ba safai suke zama a teburi ɗaya ba, shi ya sa ake sayen manyan na'urori don gyara kuskuren da kwan fitila ya haddasa.

Masu cewa LED ya yi tsada ba su yi wannan lissafi ba. Masu cewa haskensa na kashe ido kuwa mai Kelvin 6,500 aka sa musu a ɗakin kwana, alhali mai 2,700 zuwa 3,000 ya dace da gida, mai 4,000 kuma da ofis.

Ƙorafi ɗaya ne ke da tushe: a jikin kwali an rubuta awa 25,000, amma fitila ta mutu cikin 'yan watanni. Sau da yawa ƙwayar hasken lafiyarta lau. Abin da ke mutuwa shi ne ɗan akwatin nan da masu gyaran wuta ke kira direba, mai mayar da wutar bolt 230 zuwa wadda LED ke iya ɗauka. A cikinsa akwai kafasita, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba kwananta biyu. To ina ake ajiye shi? Tsakanin kwano da silin, wurin da ya fi ko'ina zafi a ginin, a ƙasar da zafin waje kansa ke haura digiri 40. A haɗa da wutar da ke hawa tana sauka, da fizgar da ake samu duk lokacin da aka juya daga wutar gari zuwa janareta. Direban da aka sayo don arha ba zai kai labari ba, kuma Bahaushe ya riga ya ce araha ba ta ado.

Akwai kuma ƙananan abubuwan da ba a gane su sai an hau tsani. Kwan GU10 yana cin wutar gida kai tsaye, cire shi da sa LED a gurbinsa aikin minti ɗaya ne. Kwan MR16 kuwa mai bolt 12 ne, yana da taransifoma a bayansa, kuma tsohuwar taransifomar da aka yi don wat 50 kan sa LED mai wat 6 ya riƙa ƙyaftawa. Gara a cire ta gaba ɗaya. Haka tsohon makunnin rage haske. A auna faɗin ramin kafin a tafi kasuwa. Mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya nemi fitila mai lambar CRI 90, in ba haka ba mai saye zai fita da yadi bakin ƙofa ya tarar launin da ya zaɓa ba shi ne a hannunsa ba. Tsofaffin kwan enaji da aka ciro suna da zaiba a ciki, bai kamata a farfasa su a bola inda yara ke tone-tone ba.

Gyaran yana hannun masu rubuta takardar kwangila. Muddin za su ci gaba da rubuta "fitilar LED guda kaza" ba tare da ƙarin bayani ba, ɗan kwangila zai kawo mafi arha, kuma ba wanda zai kama shi da laifi. A rubuta yawan lumen, da Kelvin, da CRI. A wajabta direban da ake iya cirewa a sauya ba tare da fasa silin ba, da na'urar kariya daga fizgar wuta a akwatin rarraba wuta, da garanti a rubuce na aƙalla shekara 2. Hukumar SON kuma ta riƙa ɗaukar samfuri daga kasuwa tana gwada abin da aka rubuta a kwali. Ana kira ga ma'aikatun ayyuka na jihohi su fara da asibitocinsu da sakatariyoyinsu a kasafin kuɗi mai zuwa.