Jawabi ga iyayen yara na Kalfu



Duk mun san Mahamadu Isufu. A Dandaji ta ƙasar Illela aka haife shi a 1952, ƙauye kamar namu. Lakwal ce ta maishe shi injiniyan ma'adinai. A 1993 mutanen Tawa suka zaɓe shi dipite. Ya shugabanci Majalisar Dokoki daga 1995 har juyin mulkin 1996, kuma ya ja 'yan adawa cikinta daga 1999 zuwa 2009. Sai a 2011 ya zama shugaban ƙasa.

To, da an tsare shi wajen kiwo fa? Mun sani girbin hatsi da buɗe aji suna haɗuwa a Oktoba. Duk da haka, ku sako mana yara, maza da mata, don gobe Adar ta samu mai magana da bakinta a Yamai.