Yaro da Karen Gidansu: Jawabi ga Malamai da Iyayen Yara a Yalwawa



A nan Yalwawa da ƙauyukan da ke kewaye da Dutse ba don ado ake ajiye kare ba. Gadin gida yake yi, ko tsaron garke, ko kuma farauta idan kaka ta wuce. Sai dai maigida da suna kawai ya mallake shi. Yaro ne ke kai masa ƙanzo da ragowar tuwo a kasko, shi ya raɗa masa suna tun yana kwikwiyo, shi ne kuma karen ke rakowa har bakin makaranta. Wannan shaƙuwa ita muke son mu duba a yau, domin akwai alheri a cikinta, akwai kuma haɗari.

Alherin shi ne tarbiyya. Yaron da ya san akwai wata halitta da ba za ta sha ruwa ba sai ya zuba mata, ya fara koyon riƙon amana tun kafin mu rubuta kalmar a allo. Addini ma bai bar mu cikin duhu ba. Suratul Kahfi ta ambaci karen samarin kogo, Imamu Bukhari kuma ya ruwaito labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. An halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, an kuma yi umarnin wanke mazubin da ya yi lallage a ciki sau bakwai. Tausayi da tsafta ke nan a haɗe. Saboda haka kada mu kau da kai idan muka ga ɗalibai suna jifan kare. Wanda aka takura shi ke cizo.

Haɗarin kuwa shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana hallaka mutum kusan 59,000 a kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, ƙaunar ce kan sa yaro ya ɓoye cizo, don tsoron duka ko don kada a kashe masa kare. Ciwo ya warke a fata, cuta kuwa tana tafiya a jijiya wata biyu ko uku. Da zarar alamu sun bayyana, da wuya a tsira.

Amma rigakafi ya fi magani, kuma ba sabon abu ba ne. Tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara tara da allura a Faransa. A ƙasarmu ma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana haɗa allurar karnuka.

Don haka muna roƙon abu uku. Iyaye, a kai kare wurin likitan dabbobi a yi masa allura kowace shekara. Malamai, mu koya wa kowane aji cewa cizo ko yakushi, komai ƙanƙantarsa, a wanke shi da sabulu da ruwa na minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar, ba a tsaya shafa toka ko saƙe-saƙi ba. Ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da wannan cuta ta duniya, ta dace da wannan darasi a taron safe. Na uku, dukanmu mu yi wa yara alkawari cewa wanda ya faɗi gaskiya ba zai sha bulala ba.

Idan kuma kare ya mutu yaro ya zo aji da hawaye, kada mu bari a yi masa dariya. Zuciyar da ta yi kukan dabba ita za ta ji ƙan iyayenta gobe.

Allah ya raya mana zuriya, ya kare su.