Sammaci Ba Tuhuma Ba Ne: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

Wannan jawabi a kan mutumin da a ke kira gaban alƙali ne, ba don ya yi laifi ba, sai don ya taimaki shari'a da abin da ya sani.

A Ingila akwai wata tsohuwar al'ada. Idan za a yi shari'ar babban laifi, sai a tsamo mutum goma sha biyu daga jerin sunayen masu jefa ƙuri'a, ba a duban arziki ko sarauta. Su za su saurari shaidu, su faɗi ko wanda a ke tuhuma ya aikata ko bai aikata ba, sa'an nan alƙali ya yanke hukunci. Tun 1967 an yarda in goma daga cikinsu suka haɗa baki, maganarsu ta zauna. Wanda kuwa ya ƙi zuwa ba tare da hujja ba, ana iya cin sa tara har fam 1,000. An yi irin wannan a Ikko zamanin Turawa, daga baya aka soke.

A Arewa ba a bi wannan hanya ba. Alƙali shi ke yanke hukunci, amma ba shi kaɗai ke tono gaskiya ba. Zamanin En'e ya kan zauna da muhutai, ya kuma dogara ga shaidu adalai. Dokar 1967 ta raba kotuna da En'e, a 2000 kuma Jihar Katsina ta kafa kotunan shari'ar Musulunci. Suna ya sake, amma bukatar shaidu tana nan. Mai ƙara shi ke kawo su. In ya rasa, sai wanda a ke ƙara ya yi rantsuwa, magana ta mutu. Watau in mai sani ya ɓuya, mai gaskiya na iya rasa haƙƙinsa.

Ga misali. Wani dattijo a Fakuwa, cikin ƙasar Kankiya, aka kai masa sammaci kan rikicin iyakar gona tsakanin waɗansu marayu da maƙwabcinsu. Ya kwana bai runtsa ba, gama a tunaninsa duk wanda ya taka kotu kurkuku zai kwana. Da ya je, sai aka ba shi wurin zama, alƙali ya tambaye shi cikin Hausa, da ladabi, tun yaushe ya san gonar. Ya ce tun uban yaran na da rai iyakar ta bi gamba har gindin wata kuka. Aka nemi waɗanda suka san halinsa, suka tabbatar shi ba maƙaryaci ba ne. Wani dattijon ya ba da shaida daidai da tasa. Kafin hukunci aka yi wa maƙwabcin izari, watau aka tambaye shi ko yana da sauran magana, ya ce babu. Marayu suka sami gonarsu kafin shuka, dattijo kuwa ya koma gida da la'asar, yana mamakin abin da ya tsorata.

Saboda haka ana roƙon hakiman Kankiya da Kusada da sauran gundumomi abu uku. Na farko, su gargaɗi dagatai da masu unguwa, in ma'aikacin kotu ya zo da sammaci, su haɗa shi da mai shi nan da nan. Na biyu, malamai su karanta wa wanda bai iya karatu ba takardar, su bayyana masa rana da wuri, da kuma ko shaida a ke nemansa ko ƙararsa aka yi. Na uku, kada kowa ya sa wa shaida magana a baki, kome girman mai ƙara.

Ƙasa ba ta zama lafiya sai masu sani sun yarda su faɗi abin da suka sani. Allah ya ja zamaninku, amin.