Kafin Mu Yanke wa Kwamfutocin Makarantarmu Ƙauna



Da farko ina neman afuwa, domin ni ba injiniya ba ne, ma'aikacin gwamnati ne. Larura ce ta koya mini wannan aiki, ranar da kwamfutar ofishinmu ta ƙi tashi ana saura kwana biyu a miƙa takardun albashi. Har an rubuta takardar neman sabuwa, sai wani mai gyara ya buɗe ta, ya zare ram, wato ɗan allon da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, ya goge bakinsa da magogin fensir, ya mayar. Ta tashi garau. Tun ran nan na zama almajirinsa.

Abin da ya kawo wannan magana shi ne kwamfutocin da muka gani jibge da safen nan, waɗanda aka ce sun mutu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, ga shi kuwa cikin ƙannenmu akwai wanda bai taɓa riƙe linzami ba sai a zauren jarrabawa. Asusunmu ba zai iya sayen sababbi ba. A ganina, a duba su tukuna.

Babban allon da ke cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, da wuya ya lalace gaba ɗayansa. Galibi abu guda ne ke ba da matsala. Amma kafin ka sa hannu, zare waya daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin don ka sauke tartsatsin da ke jikinka, musamman da hunturu. Wannan tartsatsi da muke yi wa dariya in ya tsunkule mu a jikin bargo, ya isa ya kashe allo.

Kwamfutar da ke mance kwanan wata batir take so, wani ɗan mitsitsi mai kamar kwabo, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3. Wadda ba ta motsi ko kaɗan kuwa, a fara zargin akwatin wuta. A sa mita: wayar rawaya ta ba da bolt 12, ja 5, ruwan goro 3.3. In ba haka ba, a sauya akwatin ɗungurungum. Kada a buɗe shi, yana riƙe wuta ko bayan an kashe.

Inda nake so mu tsaya shi ne kafasita, ƙananan gwangwanayen nan da ke tsaye kewaye da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Malaminmu na Fizik yana nan zaune, shi ya koya mana cewa aikinsu ajiye wuta da daidaita ta, lokacin muna gyangyaɗi a bayan aji. Malam, a gafarce mu, yau ga shi mun dawo. Lafiyayye samansa a shafe yake. Wanda ya lalace sai ka ga ya kumbura, ko ya yi zubar wani abu mai kamar tsatsa. Kwamfutar takan riƙa kashe kanta, ko sai an yi ta dannawa kafin ta tashi. Daga wajen 1999 zuwa 2007 an yi annobar irin wannan, saboda gurɓataccen ruwan da wasu masana'antu suka zuba a ciki, zafi da ƙura kuma suna gajarta kwanan kowanne.

Wajen sauyawa a karanta lambobin jikinsa. Lambar yawan abin da yake ɗauka ta zama daidai da ta tsohon, ta bolt kuwa daidai ko sama, ba ƙasa ba. Gefen da ke da zane shi ne ƙafar debewa, in aka juya ta baibai fashewa zai yi. Narka dalma yana son hannu, ni kaina sai da na ƙona allo guda kafin na iya, don haka a fara koyo a kan wanda ya riga ya mutu.

Roƙona ga Shugaba shi ne a ba mu Asabar guda da mabuɗin ɗakin. Zan zo da mita da sukundireba, a haɗa mu da 'yan aji biyar su tsaya su gani. Wadda ta ƙi tashi, sai a cire kayanta a gyara 'yar'uwarta.