Jawabi a kan ramin haƙori, a taron ƙungiyar 'yan Issawane



Maganarmu ta yau a kan ciwon haƙori ce, wanda muke cewa tsutsa. To, babu tsutsa a ciki. Ƙwayoyin cuta ne na cikin baki suke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da ruwa mai tsami, shi kuma ya riƙa zaizaye haƙori har ya yi rami. In ramin ya kai ga jijiya, barci ya ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2022 cewa mutum wajen biliyan 2 ke da irin wannan rami ba tare da magani ba.

Yaro yana da haƙoran nono 20, babba yana da 32. Turamen farko na dindindin suna fitowa wajen shekara 6, daidai shiga lakwal. In sun lalace, wasu ba su sake tsirowa a gurbinsu.

Ga abin da nake roƙo. Na farko, masu zuwa Kano da Agadas, ku rage alawa da biskit a tsaraba. Gyaɗa ta fi. Na biyu, shayi kofi uku cike da sukari, safe da yamma, yawan maimaitawar ce ke ɓarna. A rage, a kurkure baki. Na uku, asuwaki sau biyu kullum, musamman kafin kwanciya. Mai hali ya sayi buroshi da man goge baki mai sinadarin fulor. Ga yaro, ɗan ɗigo kamar ƙwayar wake ya isa, ya tofar, kada ya haɗiye. Fulor kaɗan kariya ne, amma yawansa a ruwan fanfon da aka haƙa a Tibiri ya ɓata haƙora da ƙasusuwan yara da yawa.

Kanumfari da ruwan gishiri suna kwantar da zafi, amma ba su cike rami. Kada a zuba ruwan batir, kada a je wajen mai cirewa a kasuwa. A fara da likitar gari. In abin ya fi ƙarfinsu, su tura Mayahi ko Maradi, inda ake cike rami ko a cire. In kunci ya kumbura da zazzaɓi, ko dasashin yaro na jini da wari, a tafi ranar nan.

Allah shi ba mu lafiya.